Labaran ban tsoro cikin zane: hanyoyi biyu na haɗa gwiwa

Masu tsara littattafan da ake bai wa waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci sukan ɗauka cewa da an haɗa marubuci da mai zane, littafi zai kai ga talaka. Tarihin labaran ban tsoro masu hotuna ya nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba.

A shekarar 1875, a birnin Paris, mawaƙi Stéphane Mallarmé ya fassara waƙar hankaka ta Edgar Allan Poe, wadda ta fito a Amurka a 1845, Édouard Manet kuma ya yi mata zane. Gwanaye biyu ne suka haɗu, amma kwafi 240 kawai aka buga, a kan manyan takardu masu tsada, kuma ko su ba su sami kasuwa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta kamfanin EC a birnin New York, wanda William Gaines ya gada a 1947. Daga 1950 ya soma fitar da mujallu uku na ban tsoro, mafi shahara ita ce Tales from the Crypt. Gaines yakan yi karance-karance da dare, da safe ya kawo tushen labari. Al Feldstein ya rubuta kalmomin a kan takardar zane kanta, ya bar gurbin hoto. Sannan a miƙa wa mai zanen da hannunsa ya dace da labarin, kamar Jack Davis ko Graham Ingels. Marie Severin ta sa launi. Kowace fitowa tana ɗauke da gajerun labarai huɗu, kuɗinta kuwa santi 10. Ke nan an raba aiki, an gajarta labari, an sauƙaƙa kuɗi, har yaro yana iya saye.

Wannan yaɗuwa ce ta jawo musu fitina. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya zargi irin waɗannan mujallu da ɓata tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawa ya saurari Gaines, masu buga mujallu kuma suka kafa wa kansu dokar tacewa. Kafin 1955 ta ƙare, mujallun uku sun daina fitowa.

Abin lura gare mu shi ne, tatsuniyoyinmu cike suke da dodanni, mayu da ƴan ruwa, waɗanda ke riƙe hankalin mai sauraro. In za a mai da su zane domin sabon mai karatu, wajibi ne mai ba da tatsuniya, masanin harshe da mai zane su zauna tare tun daga shafin farko, a yanke kuɗin littafi kafin a buga, a kuma nemi shawarar iyaye da malamai.