Yadda Ɗakin Shayin Japan Ya Shiga Kwalbar Turare

Duk wanda aka gayyata zaman shan shayi na gargajiya a Japan, akwai gargaɗin da ake yi masa tun daga gida: kada ya shafa turare. Zai cire agogo da zobe don kada su karce kwano, ya sa farar safa, sannan ya shiga. Amma ga shi yau kamfanonin turare na Faransa da Amurka suna sayar da kwalabe masu tsada da sunan wannan ɗakin.

Ba ƙin ƙamshi ne ya kawo hanin ba. Japanawa sun daɗe da sanin darajarsa. Littafin tarihinsu, Nihon Shoki, ya ce a shekarar 595 ruwa ya kawo wani gungume gaɓar tsibirin Awaji, mazauna wurin suka jefa shi a wuta, ƙamshi ya gauraye ko'ina, sai suka kai shi fada. Itacen oud ne. Wani gungumen mai suna Ranjatai yana nan a taskar Shosoin da ke Nara, da alamun wuraren da manya suka yanka, ciki har da Oda Nobunaga a 1574 da Sarki Meiji a 1877.

Shi kuwa garin koren shayi, a 1191 malamin addinin Buddha, Eisai, ya dawo daga ƙasar Sin da irinsa, yana yaba shi a matsayin magani. Sen no Rikyu, ɗan gidan 'yan kasuwa na Sakai, shi ya rage wa zaman ƙawa a ƙarni na 16. Ɗakin Tai-an da ake jingina masa tabarma biyu ne kacal, ƙofarsa kuma sai an durƙusa, ko da basarake ne. A 1591 ubangidansa Toyotomi Hideyoshi ya umarce shi ya kashe kansa.

A irin wannan ɗaki mai masauki ne ke da ikon ƙamshi. Idan ya zo jera gawayi a murhu, sai ya buɗe ɗan akwati ya ɗauko turare. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙwallon neriko ne, garin itatuwa da aka cuɗa da zuma, ɗan'uwan turaren wutarmu. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa 'yan ɓallin sandal ne. Kusa da garwashi ake ajiye shi don ɗumi ya tashe shi a hankali. Baƙon da ya shigo da nasa ya ɓata wannan lissafi, ya kuma danne ƙamshin shayin.

Turai ta shigo maganar ne a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin kayan ado na Italiya, Bulgari, ya fitar da Eau Parfumée au Thé Vert, aikin Bafaranshe Jean-Claude Ellena. An tallata shi da zaman shayin Japan, alhali abin da ya ja hankalin Ellena shayin Darjeeling ne na Indiya, wanda ya shinshina a kantin Mariage Frères na Paris. Ƙamshin ma haɗi ne na sinadaran hedione da ionone, na farkon mai kama da furen yasmin. Wayo ne na gwani, kuma ya karɓu. A 1999 kamfanin Elizabeth Arden ya fito da Green Tea, a 2021 Le Labo ya kawo Thé Matcha 26, Maison Margiela kuma Matcha Meditation. Da yawansu sanyi da zaƙi suka ɗauka, suka bar ɗacin.

Ɗacin nan ne Satori Osawa ta bi. Tana da ƙaramin gidan turare a Tokyo, Parfum Satori, kuma ta yi karatun shayi da na turaren wuta a gargajiyance. Turarenta Hyouge, wanda da farko ta kira Oribe, don Furuta Oribe ta yi shi, almajirin Rikyu da aka sani da karkatattun kwanuka masu koren shafe. Ba ya cika ɗaki, sai an matso ake jin ɗanyen ganye da ɗaci-ɗacin garin shayi. Cikin duk waɗannan, shi ne ya fi cancanta a ce daga al'adar shayin Japan ya fito.