Daga madugu zuwa wayar salula: yadda Arawa ke tsare guzurinsu a baƙon wuri

Kaka ta wuce, samari sun fara ɗaure jaka. Shi ya sa munka ga ya dace mu waiwayi yadda magabata sunka yi da ɓarayin hanya.

Zamanin fataucin goro, ba wanda ke kama hanyar Gwanja shi kaɗai. Ayari ake yi ƙarƙashin madugu, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu wadda ta yi suna wajen 'yan fashi, a bi ta Jugu da Sansanin Mango har Salaga. Madugu ne ke ciniki da sarakunan hanya kan abin da za a biya a wuce. In an sauka zango kuma akwai maigida: shi ke ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an karɓi kayansa bashi. La'adarsa yake ci, amma in baƙonsa ya yi asara sunansa ne ya ɓaci, baɗi ba mai sauka gidansa. A ganinmu wannan tsari ya fi laya da lalita tsare dukiya. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, 'yan kasuwa sunka watsu zuwa Kumasi da sauran zanguna, sunka tafi da tsarin.

Abin mamaki, asarar da ta fi girma ba ɗan sane ya jawo ta ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga Gana. Mutane sunka sayar da gida da shago a wulaƙance, wasu sunka bar amana hannun da ba ta sake fitowa ba. A Janairu 1983 Najeriya ta yi irin tata korar. Sai Afrilu 1984, Buhari ya rufe iyaka, ya canza launin naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsohon kuɗi banki. Ɗan ci-ranin da ya turbuɗe nairarsa cikin rumbu a ƙauye ya wayi gari da takarda zalla, ga fari ya ƙone gonaki. Dattawa a wurare da dama har yau El Buhari suke ce wa yunwar wannan shekara. An sake ɗanɗana irinta a farkon 2023.

Yau fa? Ɗan sane na nan a tashar Ajame ta Abijan da kasuwannin Ikko, sai dai macucin yanzu ya fi son ka miƙa masa da hannunka. Shi ne mai canjin bakin iyaka da ke cusa jabu tsakiyar damin kuɗi, da mai cewa zai tula maka kuɗi su ninka, da dillalin biza mai alkawarin aiki a Saudiyya ko Libiya, ya karɓi kuɗin saniya biyu da fasfo, lambarsa ta daina shiga. Akwai kuma mai bugo wa tsohuwa waya a gida cewa ɗanta na hannun 'yan sanda, a turo kuɗi maza.

Waɗanda sunka daɗe a hanya dai tsohon tsarin suke bi da sabon kaya. Sukan sauka wurin ɗan garinsu ko su gai da sarkin zango tun ranar farko. Kuɗin aiki ba ya kwana a jiki, ana turo shi gida kaɗan-kaɗan ta kamfanonin aika kuɗi, na mota kawai ke aljihu. Katin ɗan ƙasa da fasfo suna da hoto cikin waya, wani kwafin yana gida. Canji kuwa a rumfar da aka sani, a ƙirga a gaban mai ita kafin a tashi. In an bugo waya da labarin tashin hankali, iyali su kashe, su kira yaron da kansu ko abokin ɗakinsa.