Dogo Biyu daga Zariya: Nazari kan Jirgin Gyaɗa da Jirgin Kuza

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi da aka ajiye don tarihi. Shi ne wanda ya fara huci a Arewacin Nijeriya, a kan siririn layin da gwamnatin Lugga ta shimfiɗa a 1901 daga Zungeru zuwa Wushishi, aka kuma ƙara shi har Barijuko a bakin kogin Kaduna. Faɗin layin ƙafa biyu da rabi ne kacal, aikinsa kuwa ɗauko kayan Turawan mulki daga jirgin ruwa zuwa hedikwatarsu. Ba a yi shi don talaka ko fatake ba. Amma daga wannan ɗan dogo ne tarihin reluwe a Arewa ya soma, kuma cikin shekara goma sha uku sai ga layuka biyu sun haɗu a Zariya: ɗaya ya taso daga Baro ya wuce Kano, ɗaya ya balle gabas ya hau tsaunukan Jos. Gwamnati ɗaya ce ta yi su, kusan lokaci ɗaya, amma ƙarshensu ya sha bamban, kuma a ganina dalilin yana ga tambaya guda: kayan da ke cikin tarago, a hannun wa suke?

Layin Baro zuwa Kano an amince da shi a 1907, shekarar da Sir Percy Girouard ya karɓi mulkin Arewa. Ba a banza aka turo shi ba. Injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan lokacin da Kitchener, kwamandan sojan Ingila, yake yaƙi da mabiya Mahadi. Ma'aikatar ayyuka ta Arewa ce ta yi aikin da kanta ƙarƙashin John Eaglesome, a kan faɗin ƙafa uku da inci shida, tsawon mil 356. Dogo ya isa Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Turawa sun yi ta alfahari da arahar aikin, sai dai ya kamata a san daga ina arahar ta fito. Leburorin da suka sare daji, suka fasa dutse, suka ɗauki ƙasa a kwando, yawancinsu ba da son ransu suka zo ba. Joji zai aika wa sarki yawan mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. Nufawa da Gwarawa su suka fi ɗanɗana wannan, don ƙasarsu layin ya fara ratsawa. A 1909 mutanen Gussoro na ƙasar Gwari suka tayar, aka kashe Bature jami'in mulki, aka aika musu da soja. Akwai kuma wata dabara a cikin biyan ladan: ana biyan lebura da sule da kwabo, sannan a nemi haraji da irin wannan kuɗin. Ta haka kuɗin wuri ya fara mutuwa a kasuwannin da ke gefen dogo tun kafin jirgi ya ɗauki buhu ko ɗaya.

Zaɓen Baro kansa siyasa ce. Gwamnatin Arewa ba ta so ta dogara da Ikko, sai ta ce a kawo kaya ta kogin Kwara a sauke a Baro. Amma Kwara ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin da ruwa ya cika. A ɗaya ɓangaren, layin Ikko da aka fara a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya iso Jebba a 1909, ya ci gaba ta Zungeru har ya haɗu da na Baro a Minna. A 1912 aka haɗe hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe Arewa da Kudu. Da aka gama gadar Jebba a tsakiyar yaƙin duniya na farko, aka daina tsallakar da taragai a jirgin fito, sai Baro ta koma reshe, tun layin bai tsufa ba.

To, me aka sa ran jirgin zai ɗauka? Auduga. Masaƙun Lancashire a Ingila sun gaji da dogaro da audugar Amurka, ƙungiyarsu ta noman auduga, BCGA, wadda aka kafa a 1902, ta yi ta matsa wa gwamnati lamba. Winston Churchill, lokacin yana ƙaramin sakataren mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka kare aikin a majalisa da hujjar auduga. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka zauna jiran kaya.

Lissafin ya manta da abu ɗaya: audugar ƙasar Hausa tana da masu saye tun kafin zuwan Bature. Mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina irin ta Ƙofar Mata da ta Kura na rini, mabuga na bugu, fatake na kai turkuɗi da kore har Agadas da Barno. Waɗannan sun fi BCGA biya, domin ita farashi ɗaya ta tsayar. Manomin da ke da hankali ba zai kai audugarsa inda za a rage masa ba. A daidai wannan lokaci kuma masana'antun Turai suka gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi, sai buƙatar man gyaɗa ta tashi. Kamfanonin da suka biyo dogo zuwa Kano a 1912 suka fara tayin gyaɗa da tsada.

A nan ne tarihin ya koma hannun 'yan ƙasa, kuma masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddiginsa a littafin da ya wallafa a 1978 kan asalin fitar da gyaɗar Nijeriya. Baturen kanti bai san ƙauye ba, bai iya Hausa ba, ba shi da wanda zai amince wa. Waɗanda suka san hanya su ne tsofaffin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka gaji kai ayari Gwanja. Suna da jari, suna da yara a kowace gunduma, suna kuma da abin da ya fi jari, wato amana. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗin bashi, a biya da gyaɗa in kaka ta yi. Alhassan Ɗantata, wanda ya dawo Kano daga fataucin goro a ƙasar Gana ta yau, shi ya zo ya fi kowa girma a wannan harka.

Manomi ma ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana son jigawa irin ta Kano, ba ta cin ƙarfin ƙasa kamar auduga, ana shuka ta a tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya ci ko a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Auduga kuwa ba a tuƙa tuwo da ita. Sakamakon ya zo da sauri har ya ruɗa hukumar reluwe: a 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta taka kara ta karya ba. Jakuna da raƙuma suka cika hanyoyin shiga Kano, buhuna suka taru a bakin tasha babu taragon ɗauka. Fari da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 sun tsayar da abin na ɗan lokaci, kuma sun nuna haɗarin rage gonar hatsi, amma gyaɗa ba ta koma baya ba. Rassan da aka ƙara daga baya, na Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, da na Kano zuwa Nguru a 1930, bin sawun manoma suka yi. Har gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta wannan dogo take fita teku, abin da ya dami Faransawa har suka shirya karkatar da ita ta Parakou da Kwatano a shekarun 1950.

Layi na biyu, na Zariya zuwa Jos, labarinsa daban ne. Mutanen Liruwen Delma sun daɗe suna narka kuza suna sayar da ita siri-siri kamar tsinke, kuma ganin wannan a kasuwa ne ya sa Kamfanin Neja na Turawa ya aika masu bincike tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900. Zuwa 1910 kasuwar hannun jari ta Landan ta kamu da zazzaɓin kuzar Nijeriya. Matsalar ita ce sufuri: 'yan dako ke ɗaukar kuza a ka, tafiyar kwanaki masu yawa, zuwa Loko a bakin Binuwai. Kamfanoni suka matsa, gwamnati ta shimfiɗa musu siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya, ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya hau dutse ya kai Jos da Bukuru wajen 1914. An kira shi ƙaramin dogon Bauchi ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin tsaunukan Jos suna cikin lardin Bauchi ne.

Bambancin faɗin nan ya zama masa ciwo tun ranar farko. Taragonsa ba ya hawa babban layi, don haka kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya, lebura ya saɓa a kafaɗa, ya tsallaka ya jera a babban tarago. Kowane injin haƙa da ya taso daga Ikko shi ma sai an yi masa haka a juye. Ƙananan kawunansa kuma da ƙyar suke hawan tudun Jengre da kaya kaɗan. Kuzar da yake ɗauka ba ta manomi ba ce, ba ta bafatake ba ce. Doka ta mayar da ma'adinan ƙasa na gwamnati, ta ba kamfanoni lasisi, maƙeran Liruwe suka rasa sana'ar kakanninsu. Abin da ya rage wa ɗan ƙasa shi ne kwano da shebur, da 'yan cin rani da ke zuwa daga Kano da Sakkwato da Barno. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai aka dawo da aikin tilas, wanda mutane suka sa wa suna diban gwamna, aka kwashi dubban talakawa zuwa sanyin Jos, da yawa ba su koma gida ba.

Layin da ke da mai kaya ɗaya, ranar da mai kayan ya sami wata hanya ya gama. An gano kwal a Udi a 1909, aka gina Fatakwal domin fitar da shi, dogon gabas ya kai Inugu a 1916, ya ci gaba zuwa Kafancan da Kaduna, kuma a 1927 reshe mai cikakken faɗi ya hau daga Kafancan zuwa Jos. Daga nan kuza ta koma Fatakwal kai tsaye, kwal ya riƙa zuwa ma'adinai ba sauke-sauke. Ƙaramin dogon ya ci gaba da jan jiki da fasinja da ɗan hatsi da auduga har aka rufe shi a 1957.

A wancan lokaci kwal ɗin Inugu shi ne abincin duk kawunan jiragen ƙasar, kuma wannan ya ɗaure gyaɗar Kano da mahaƙan kudu ɗauri mai ƙarfi. Kan jirgi mai tururi yana cin kwal, yana shan ruwa mai yawa, ga shi ruwa na wuya a layin Nguru da rani. An kawo manyan kawuna samfurin Garratt daga kamfanin Beyer Peacock na Manchester, masu tukunya a tsakiya da injin gaba da baya, domin su ja kaya mai nauyi a kan dogo marar ƙarfi. Yaƙin duniya na biyu ya gajiyar da su duka, babu kayan gyara, babu sababbi. Ga yajin aikin gama-gari na 1945 wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi wa jagora, ga rikicin mahaƙar Iva a 1949 inda 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21.

Ya kamata a fahimci dalar gyaɗa a cikin wannan yanayi. Muna tunawa da ita a matsayin alamar arziki, kuma haka ne, amma ita dala sito ce ta dole. Gyaɗa ce da aka auna a sikeli, aka biya manomi, aka ɗinke buhu, sannan aka rasa jirgin ɗauka, sai a jera ta hawa hawa a lulluɓe da tamfol, wani lokaci har sabuwar kaka ta riski tsohuwa, ƙwari suna ci. Tsayin dala gwargwadon gazawar dogo ne. Don a rage ta aka riƙa kawo kawunan da ake sa wa sunayen koguna daga kamfanin Vulcan Foundry tun daga 1948, sannan masu amfani da man dizal suka fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta a 1955. Bashin farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya, dalar Amurka miliyan 28 a 1958, na dogo ne, kuma da shi aka ja layi daga Kuru ta Bauchi da Gwambe har Maiduguri a 1964.

Abin da ya raunana layin Kano daga baya ya zo ne ta wajen manomi, kamar yadda ƙarfinsa ya zo. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940 sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna tara rara. Manyan motoci suka fara kwashe kaya mai tsoka. Sai farin 1973, sai cutar da ta naƙasa gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Ƙasar da a shekarun 1960 take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa ta daina fitarwa, taragai suka koma wofi. Tashar Baro ta zama kufai, filayen dala a Kano gine-gine suka cinye su, kuma sabon dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi yana bin kusan hanyar da raƙuman gyaɗa suka bi suna gangarowa.