Ilmin Aufaƙi a Birnin Katsina

Ilmin aufaƙi, wanda almajiran zaure suka fi sani da zanen hatimi, reshe ne na hisabi da ke binciken yadda za a jera adadi a gidajen murabba'i, ta yadda ko ta ina aka tara su, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ta fito. Ma'abota fannin sun kasa adadi gida biyu, shafa'i da wutiri, watau cika da mara, sa'an nan suka sake raba shafa'in, suka ware wanda rabinsa ma shafa'i ne, kamar 8, daga wanda rabinsa wutiri ne, kamar 6, domin kuwa kowane aji da hanyar da ake bi a cika gidajensa.

Murabba'i mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda malami kan zana a allo da tawada: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Kowane layi 15 ne, dukansu kuma 45, abin da ya burge magabata ƙwarai, saboda a lissafin abajada 45 adadin sunan Adamu ne, 15 kuma na Hauwa'u.

Wanda ya ɗaga sunan Katsina a wannan fanni shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda, bayan ya yi karatu a ƙasarsa, ya kuma ɗebi ilmi wurin Shaihu Muhammadu al-Wali na Bagirmi, ya nufi Makka aikin Hajji wajen 1730, ya wallafa littafinsa Bahjatul Afaƙ a 1732, inda ya warware ƙa'idojin murabba'in wutiri. Ƙa'idar jimla kuwa ba ta sākewa kome girman adadi: a buga adadin gidajen gefe da kansa, a ƙara ɗaya, a raba biyu, a sāke bugawa da gefen. Mai gefe 5 ya ba da 65, mai 7 ya ba da 175. In kuwa mutum ya yi ƙarfin halin zana mai gefe 99, to gidaje 9,801 zai cika, kowane layi ya tashi 485,199. Abin takaici, jama'a sun riƙe hatimin don laya, sun bar wannan hisabi ga tsirarun malamai.

Shaihun ya ƙare kwanakinsa a Alƙahira, inda ya kammala littafinsa Durrul Manzum, ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ɗansa Abdurrahman, masanin tarihin Misira, ya rubuta tarihin rayuwar Shaihun a cikin littafinsa Aja'ibul Asar, Allah ya jiƙansu baki ɗaya.