Sigari da hawan jini: yadda aka faro lissafin

Makon jiya na raka kawuna awon jini a Faskari. Ma'aikacin ya dubi na'ura, ya ce, "Baba, jinin ya hau. Kana shan taba?" Kawu ya yi dariya ya ce ai tun zamanin Shagari yake busawa, ko ciwon kai bai sani ba. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na koma na bi tarihin maganar.

A 1899 wani Bajamushe, Otto Frank, ya zana aikin babbar jijiyar jini da lissafi. Idan zuciya ta harbo jini, jijiyar tana buɗewa kamar roba, sannan ta tsuke ta tura shi gaba a hankali. To a nan gizo ke saƙar, jama'a. Hayaƙin taba yana sa robar nan ta sandare, sinadarin nikotin kuma ya matse ƙananan jijiyoyi, ya ƙara saurin bugun zuciya. Hanya ta ƙuntata, famfo kuma yana ta aiki. Ina jini zai ƙi hawa?

A 1972 Arthur Guyton na Jami'ar Mississippi ya gina tsarin zagayen jini a kwamfuta, ya nuna cewa ƙoda, ta hanyar riƙe gishiri da ruwa, tana da babban hannu a hawan jini mai daɗewa.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne binciken garin Framingham a Amurka. Tun 1948 suka ɗauki mutum 5,209 suna bin lafiyarsu shekara da shekaru. Daga nan aka fitar da ma'aunin da za a shigar da shekarunka, awon jininka, kitsen jini, ciwon suga da ko kana shan taba, ya faɗi haɗarin ciwon zuciya cikin shekara 10. Wato irin su Kawu, masu cewa lafiya lau, su lissafin yake nema.

Mu a nan, daga Ƙanƙara har Sabuwa, sai ɓarin jiki ya shanye a fara cewa jifa ne ko iska. Ga matsalar tsaro ta sa zuwa asibiti ya zama aiki.

Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da ita kara-kara. Jiya a tasha, a gabana wani yaro ya miƙa wa mai tebur kuɗi ya karɓi kara biyu.