Kisan Sanau: Shari'ar da Har Yau Ba a Rufe Ba

A littafin Five Little Pigs na Agatha Christie, wanda ya fito a 1942, wata budurwa ce ta ɗauki hayar mai bincike Hercule Poirot ya sake tono kisan mahaifinta bayan shekara 16. Gawa ta daɗe a ƙasa, sai bakin mutum biyar, kowa da nasa zance. Katsina ma tana da irin wannan shari'a, kuma sunan gidan da aka yi wa kisan yana nan a Ƙofar Durbi.

Ga yadda ake ba da labarin. Sanau, sarki na ƙarshe a zuriyar Durɓawa, gwanin kokawa ne da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, saboda wata laya da yake ɗaurawa. Korau, baƙo daga 'Yandoto, ya haɗa baki da matar sarki ta sace layar. Ranar karawa a gindin tsamiyar Bawada ya kayar da Sanau, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin Gajere, da ke cikin kayan sarautar Katsina har gobe, shi ake cewa an yi aikin da shi.

Mai bincike na ƙwarai ba zai karɓi wannan hannu bibbiyu ba. Labarin ya ratso fadar waɗanda suka gaji Korau ne kafin ya iso gare mu. Matar da aka ɗora wa cin amana kuwa, ba a ji ta bakinta ba. Sannan idan ƙwace ne tsagwaronsa, me ya sa sarautar Durbi, mai ɗauke da sunan Durɓawa, ta tsira, har tana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka? Muhammadu Dikko kansa Durbi ne kafin ya zama Sarkin Katsina a 1906. Wannan ya fi kama da sulhu bayan rikici.

An dai taɓa tona ƙasa. H. R. Palmer ya haƙa kusheyin Durbi ta Kusheyi kusa da Mani a 1907, aka sake haƙa a 1992, aka samu tasoshin tagulla da kayan ado na zinariya da hauren giwa. Ashe waɗanda aka binne a wurin masu arziki ne da fataucinsu ya kai nesa, akwai abin da za a yi kisa dominsa. Dakta Yusufu Bala Usman, a The Transformation of Katsina na 1981, ya karanta zuwan Korau a matsayin sauyin tsarin mulki da ya koma birni.

Marubutan Katsina, ga makami, ga wanda ake zargi, ga matar da ba a saurara ba. Ku ɗauki alƙalami.