Lakwal da wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa ta Nijar: taƙaitaccen tarihi

1. Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Cadakori, cikin ƙasar Gobir, tun kafin ya shiga kwaleji ya san kwaikwayo, domin ya ga tashe a watan azumi, ya kuma saurari tatsuniya inda mai ba da ita ke sauya murya tsakanin Gizo da Ƙoƙi. Amma idan ya shiga aji, wannan sani ba ya da gurbi. A cikin wannan maƙala za mu duba yadda aka yi lakwal ta horar da manyan ƴan wasanmu, ba tare da ta koyar da wasan Hausa ba.

2. Gadon William Ponty

Wasan dandamali irin na Turawa ya shigo mana ta makarantar horar da malamai ta William Ponty, a Senegal, inda Boubou Hama da Hamani Diori suka yi karatu. A shekarun 1930, da ƙarfafawar Charles Béart, ɗalibai kan tattaro al'adun garuruwansu lokacin hutu su mayar da su wasa. A 1937 har sun nuna wasanninsu a Paris. A nan aka koyi rubuta wasa, da raba matsayi, da maimaitawa kafin ranar nuni, da labulen da ke raba ƴan wasa da ƴan kallo. Sai dai magana duk da faransanci ake yin ta, harsunan gida kuwa aka bar musu waƙa da rawa. Rubutaccen wasan Nijar wannan hanya ya bi: Tanimoune na André Salifou (1973), ko da yake tarihin wani sarkin Damagaram ne, da faransanci aka rubuta shi.

3. Malamai a wajen aji

Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, kuma daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, inda ƙungiyoyi ke gasa tun daga ƙananan hukumomi har matakin ƙasa. A wannan fage wasan Hausa ya bunƙasa. Abin lura shi ne da yawa daga cikin jagororinsa malaman lakwal ne, kamar Yazi Dogo da ya yi suna a Damagaram. Sun ɗauko tsarin dandamali daga lakwal, amma suka ajiye rubutu: jagora ya ba da labarin, a raba shi fitowa-fitowa, kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa, ana gyarawa wajen maimaitawa. Janet Beik ta yi nazarin wannan hanya a littafinta na 1987, inda ta kira wasan fasahar baka.

4. Kwatanci da Nijeriya

A arewacin Nijeriya lamarin ya bambanta. Tun shekarun 1930 R. M. East ya buga wasanni shida da Hausa domin makarantu, daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Jatau na Kyallu (1960). Da yake akwai littafi, wasa ya shiga manhaja da jarrabawa. A Nijar kuwa, makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, da aka fara a Damagaram a 1973, a firamare suka tsaya. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa, amma faransanci ya ci gaba da riƙe kwaleji da lise.

5. Kammalawa

Muna ganin matsalar ta harshe ce da rubutu. Abin da ba a rubuta ba, malami ba ya iya sa shi a hannun ɗalibi. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, sai dai doka ba ta samar da littafi. Aikin da ke gabanmu, mu masu nazarin harshe, shi ne mu nemo wasannin da rediyo da talabijin suka naɗa, mu rubuta su bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, tare da kiyaye karin kowane yanki, kafin kaset ya lalace kuma waɗanda suka yi wasannin su ƙare. Da haka ne ɗalibin Cadakori zai karanta wasa da Hausar da yake ji a gida, ya kuma koyi hawa dandamali da ita.